Ɗakin Baje Kolin Sassaƙa na Ɗalibai a Marwa

A makon jiya na ziyarci wani ƙaramin ɗakin baje koli a Marwa da ke arewacin Kamaru, inda ɗaliban digiri na biyu a fannin zane da sassaƙa suke nuna ayyukansu, suna kuma sayar da ƙananan daga ciki. Kuɗin shiga sefa 500 ne, wanda bai yi yawa ba.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata raƙuma mai tsayin mutum biyu, wadda aka haɗa da sarƙar babur, tsofaffin tukwane da ƙafafun kekuna, aka lulluɓe wuyanta da guntayen jemammiyar fata irin wadda dukawan garin nan suka shahara da ita. Wanda ya taɓa ganin La Nouvelle Liberté, gunkin tarkacen ƙarfe mai tsayin mita 12 da Joseph-Francis Sumégné ya kafa a shataletalen Deido na Duwala a 1996, zai gane inda mai aikin ya sha nono, sai dai ɗinkin fatar nasa ne na kansa. A ɗaki na biyu an rataye ƙoruna kusan arba'in a saman yashin da aka ɗebo daga Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa garin, kowace da ɗigon ruwa mai sauka a hankali. Na daɗe a tsaye ina sauraro.

Inda aka gaza shi ne bayani. Takardun da aka manna duk da Faransanci ne, babu Hausa, babu Fulatanci, har wata dattijuwa ta tambaye ni ko ƙorunan na sayarwa ne. Hasken ɗakin ma bai wadatar ba, don haka gara a je da hantsi.