Zagayen Belgrade da ɗan jagora: dattijon ya fita kunyarmu, kamfanin ya ɓata min rai

Ni da uwargida muka sayi tikitin zagayen Belgrade, babban birnin Sabiya, na wuni guda, irin wanda ake tallatawa a intanet, kuɗin kuma kun san ba na wasa ba ne. Mu tara ne a tawagar, mu biyu kaɗai Musulmi. Ƙarfe goma aka haɗu a Dandalin Jamhuriya, gindin mutum-mutumin Yarima Mihailo a kan doki, muka bi titin Knez Mihailova da ƙafa har muka ɓulla ganuwar Kalemegdan. Daga can sama ake hangen inda kogin Sava ya haɗu da Danube. Wurin ya yi kyau ƙwarai, sai dai iskar da suke kira Koshaba tana ratsa ƙashi. Mai zuwa a watan Nuwamba ya riƙe rigar sanyi mai kauri.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da jagoranmu ya yi mana. Dattijo ne mai furfura, Kirista, ni dai Baba nake ce masa. Azahar ta yi muna cikin ganuwar, ina ta duba agogo, ina raɗa wa uwargida mu nemi wani lungu mu shimfiɗa mayafinta. Ashe yana lura da mu. Ya matso ya ce, "Ɗana, salla za ku yi?" Na ce e, Baba. Nan take ya zaunar da sauran su sha gahawa na rabin awa, ya ce mu biyo shi. Muka gangara unguwar Dorchol, ko minti goma ba mu yi ba sai ga hasumiya ta leƙo daga tsakanin gidaje.

Masallacin Bajrakli ke nan, a titin Gospodar Jevremova. Ɗan ƙarami ne, ginin dutse, ƙubba ɗaya, hasumiya ɗaya. Muna tafe Baba yana ba mu tarihinsa: an gina shi wajen shekarar 1575, zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa da ta ci birnin a 1521 ƙarƙashin jagorancin Sultan Sulaiman. Sunan daga kalmar tuta ya samo asali, domin a nan ake ɗaga tuta sauran masallatai su san lokacin salla ya yi. Cikin ɗimbin masallatan wancan zamanin shi kaɗai ya saura a tsaye. Mutanen Ostiriya sun mayar da shi coci daga 1717 zuwa 1739, sannan a watan Maris na 2004 aka cinna masa wuta lokacin rikicin Kosobo. Da ya zo nan muryarsa ta sauya. Ya ce a unguwar ya tashi, ranar da aka cinna wutar, kunya ta hana shi barci.

Ruwan alwala kamar ƙanƙara, hannuna har ya sandare, amma da na taka darduman nan na ta da kabbara sai na ji hawaye. Kwana biyar ina salla a ɗakin otel. Muka fito muka tarar da shi a bakin ƙofa cikin iskar nan, rungume da jakar uwargida. Na ciro ɗan abin goro na miƙa masa, ya dafa ƙirji ya girgiza kai. A lokacin da an ce in ba da tauraro, biyar zan bayar ba tare da na yi tunani ba.

To amma sai aka zo cin abinci a Skadarlija, unguwar nan mai daɓen duwatsu. A takardar rajista na rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ma cin naman alade, ba ma shan giya. Muna zama aka dire mana ƙananan kofunan rakiya, barasarsu ta gargajiya. Aka kawo chebapi, niƙaƙƙen nama gasasshe, ƙamshi har kunne. Allah ya sa uwargida ta tambaya kafin mu kai baki, mai kawo abincin ya ce gauraye ne, na sa da na alade. Baba ya yi ta ba da haƙuri, ya ce ofis bai gaya masa komai ba. Burodi da cuku da miyar gasasshen tattasai muka ci, cikin hayaƙin taba, bayan mun biya kuɗin cikakken abinci.

Yamma kuma gudu-gudu aka yi. Babban cocin Saint Sava minti goma sha biyar aka ba mu. Ginin hedikwatar sojoji da NATO ta yi wa ruwan bama-bamai a 1999 ta tagar mota muka gan shi. Unguwar Zemun da kabarin Tito, tsohon shugaban Yugoslabiya, da ke cikin tallar, aka ce lokaci ya ƙure. Wannan ya yi min ciwo, domin na daɗe ina son ganin makwancin mutumin da ya karɓi taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a birnin nan a 1961. Washegari da kanmu muka je a bas, wadda kyauta ce tun Janairun 2025.

Tauraro biyu na ba su, kuma saboda Baba ne. Sau biyu na tura wa kamfanin saƙo a kan kuɗin abincin, yau mako uku ba su amsa ba.