Ɗakin wankin ciwo na asibitin unguwarmu: ra'ayina bayan ɗinkin yatsa

Duk wanda aka yi wa ɗinki a yatsa, kuma yake neman inda za a riƙa wanke masa ciwon har ranar cire zare, ina ganin ɗakin wankin ciwo na ƙaramin asibitin unguwarmu ya cancanci a je masa. Maiɗakina ce wuƙa ta yanka a manuniya lokacin aikin naman layya, aka ɗinke mata a babban asibiti, sannan muka ci gaba da zuwa nan saboda kusanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsabta. Ma'aikaciyar jinyar tana wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu a gabanmu, idan kuma bandejin ya manne da ciwon ba ta fizge shi, sai ta jiƙa shi da ruwan gishiri na asibiti har ya saki da kansa. Ba ta zuba sifirit a kan ɗinkin, domin yana ƙona sabuwar tsokar da ke tofowa, ya jinkirta warkewa. Tun zuwan farko ta sa aka cire zobe daga hannun saboda kumburi, ta kuma tambaya ko akwai ciwon suga, da lokacin da aka yi allurar tetanus ta ƙarshe, tun da ana maimaita ta idan ciwon mai datti ne kuma an haura shekara 5.

Bayaninta ya fi wankin kansa amfani, domin a gida ciwo yake kwana. Ta ce kada ruwa ya taɓa wurin a awa 48 na farko, bayan haka a wanke a hankali da ruwa mai tsabta, a tsane shi sosai, amma ban da tsoma hannu a ruwan wanke-wanke ko na wanki. "Hajiya, idan bandejin ya jiƙe wajen alwala ko girki, a canza shi nan take, kuma ki riƙa ɗora hannun bisa matashin kai don zogin ya ragu," in ji ta. Ta yi kakkausan gargaɗi a kan fasa kafso a barbaɗa a ciwo, ko shafa man birki da toka, al'adar da na sha gani a wurin mutanenmu, wadda kuma take damuna ƙwarai.

Alamomin da ta ce kada a kwana da su a gida su ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da mugunya, da zazzaɓi, da kaluluwa a hammata, da jan layi mai hawa zuwa damtse.

Inda suka gaza shi ne jira, domin ma'aikaciya ɗaya ce a ɗakin, kuma duk wannan bayani da baki ake yin sa, ba a ba da takarda, alhali tsoho ko mai jin zafi zai iya mance rabinsa kafin ya isa gida. Kuɗin bai yi yawa ba, sai dai mai ciwo ne ke sayo bandeji da filasta daga kemis.

An cire zaren cikin kwana 10 zuwa 14 da aka saba ɗiba wa ɗinkin yatsa, ciwon bai yi ruwa ba, kuma an nuna mata yadda za ta riƙa lanƙwasa yatsan a hankali don kada gaɓar ta sandare. Mai niyyar zuwa ya yi sammako, ya kuma riƙo bandejinsa.