Sharhi kan kamfanin da ya yi mana sabis ɗin injin hayaƙin gwajin HEPA

A wani kamfanin haɗa magunguna da ke Ikeja nake aiki, kuma ni ke kula da ɗakunan da ake ɗura allurai. Duk wata 6 muna gwada matatun iska na HEPA, masu tace ƙura da ƙwayoyin cuta daga iskar da ke shiga ɗakunan. Injin hayaƙin gwajin yana busa iska ta wani bututu mai ƙananan ƙofofi da ake kira Laskin, wanda ke nutse cikin man gwaji da ake kira PAO, farin hayaƙi ya fito, a tura shi ta bayan matata, ni kuma in bi fuskarta da fotomita, na'urar auna kaurin hayaƙi, a hankali, kamar santimita 5 a daƙiƙa. In abin da ya ratso ya haura kashi 0.01 cikin 100 na abin da aka tura, akwai ɓaraka.

Bayan daminar bana injin ya fara ba ni tsoro. Allurar gejin ƙarfin iska tana kan psi 20 daram, amma hayaƙin sai ya yi kauri, can ya tsinke. Haɗarin shi ne, da kaurin farko ake saita fotomita a kan 100. In hayaƙin ya ragu ana tsakiyar aiki, matata mai huda sai ta nuna lafiya lau, alhali allurar da aka ɗura a ɗakin jijiyar wani za ta shiga.

Wani abokin aiki da muke zaune tare a Agege ne ya haɗa ni da wani kamfanin sabis. Injiniyan da suka turo dattijo ne Bakano, kuma bai taɓa sukudireba ba sai da ya nemi ganin kwamfuresarmu da ke ba injin iska. Ya buɗe famfon ƙasan tankin, ruwa mai tsatsa ya zubo. Ya ce, "Malam, injinka bai da laifi, ruwa kuke ba shi." Laimar Legas ce ta taru a tankin, ta bi tiyo ta gauraya da man har ya koma kamar madara, tsatsa kuma ta toshe rabin ƙofofin bututun. Gejin ma ya daina faɗin gaskiya. Ya wanke bututun, ya sauya mai da robobin da suka bushe, ya sa sabon geji da matatar tare ruwa a bakin tiyo. Wannan aikin na yaba masa ƙwarai, musamman da ya zaunar da yaranmu biyu ya nuna musu yadda za su riƙa zubar da ruwan tanki kullum da safe.

Inda suka ɓata min rai fotomita ne. Kwana 10 suka ce za su daidaita awonta, sai da ta yi sati 3. Takardar da ta dawo da ita kuma awon bayan gyara kawai ta nuna, babu na yadda suka same ta. To ta yaya zan san ko gwaje-gwajen da muka yi a baya sun inganta? Irin tambayar da jami'an NAFDAC ke yi ke nan in sun zo duba masana'anta. Na kira na ce, "Injiniya, don Allah a dubo min awon farko." Ya amsa cewa kuskurensu ne, aka gyara takardar cikin kwana 2, har da shaidar ISO 17025, wato ta ƙwarewar ɗakin awonsu.

Zan sake kiran su baɗi, amma sharaɗin awon farko da ranar dawowa sai sun shiga rubuce. Da injin ya dawo daidai mun sake bin duk matatun ɗakin ɗura allura, muka kama ɓaraka ɗaya a gefen wata, inda robar ta saki. A daren aka sauya ta.