Sharhina kan tafiyar kamun kifi da muka yi zuwa Lofoten a ƙasar Norwe

Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogin Kwara na tashi, kakana na wajen uwa masunci ne har ya bar duniya, don haka harkar fatsa da koma da kwalekwale ba baƙuwata ba ce. Yau shekara shida ina aiki a Hamburg ta ƙasar Jamus, kuma tun zuwana nake jin Jamusawan wajen aikinmu suna ta zancen Norwe Norwe, duk shekara sai sun ɗauki hutu sun tafi can kamun kifi su dawo da kula cike taf. A farkon watan Maris na 2024, saura kamar mako ɗaya a fara azumi, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka tafi tsibiran Lofoten, ni da wani ɗan uwa ɗan Damagaram da muke masallaci ɗaya da Jamusawa biyu abokan aikina. Kamfanin da muka yi bukin a wajensu ba zan kama suna ba, amma zan faɗi inda suka kyauta da inda suka ɓata min rai ko wani zai amfana.

Dalilin da ya sa muka zaɓi tsakiyar sanyi shine wani kifi da suke ce ma skrei, babba ne daga jinsin kifin teku da Turawa ke ce ma kod, yana zaune can tekun Barents da ke arewa da Norwe, duk shekara daga Janairu zuwa Afrilu sai ya gangaro tafiyar kusan kilomita 1000 ya zo gefen Lofoten ya saka ƙwai. A wannan lokacin ne ake samun manya. A 2013 wani Bajamushe ya kama mai kilo 47 a tsibirin Soroya da ke can arewa da inda muka je, wannan labarin kuwa babu ranar da abokan tafiyata basu maimaita shi ba.

Hanya dai doguwa ce, Hamburg zuwa Oslo, Oslo zuwa Bodo, daga nan muka shiga ƙaramin jirgi mai farfela zuwa Svolvaer. Akwai jirgin fito daga Bodo zuwa Moskenes ga mai son zuwa da mota, awa uku da wani abu ne a ruwa. Ni takardar zamana ta Jamus ta ishe ni, amma wanda zai taso daga Kano ko Yamai bizar Shengen zai nema, don Norwe tana cikin Shengen duk da bata cikin Tarayyar Turai, kuma kuɗinsu kurona ne ba yuro ba.

Masaukin da suka ba mu ɗakin katako ne jajaye irin na masuntan da, a kan ruwa aka kafa shi da turaku, rorbu suke kiransa. Gaskiya nan ban da ƙorafi ko kaɗan, hita na aiki, akwai kicin, akwai ɗakin gyaran kifi da tebur da famfo da firiza babba, har da inda zaka rataye kaya su bushe kafin safe. Sai rigar da suka ba mu, wata doguwa daga wuya har ƙafa wadda take tare sanyi kuma idan mutum ya faɗa ruwa ba zai nutse ba. Dan Allah duk wanda zai je kar ya ɗauka rigar sanyinsa ta gari zata yi masa, ruwan nan bai wuce digiri huɗu zuwa biyar ba a wannan lokacin, mutum ya faɗa ciki cikin 'yan mintuna hannu zai daina kama komai. Safar hannu kuwa ka je da naka guda biyu ko uku masu kauri, nasu sun tsufa ruwa na shiga, rana ta farko yatsuna har ciwo suke kamar ana soka min allura.

Abin da ya fi burge ni a duk kuɗin da muka biya shine matuƙin da suka haɗa mu da shi. A dokarsu wanda aka haifa daga 1980 zuwa sama sai yana da lasin kafin ya tuƙa jirgin da injinsa ya wuce ƙarfin doki 25, mu kuma babu mai shi, kuma ko da akwai wallahi ban ba kowa shawarar ya shiga tekun nan shi kaɗai a watan Maris ba. Dattijo ne furfura fal, ni da ɗan Damagaram Baba muke ce masa har ya saba yana amsawa. Bai cika surutu ba, idonsa na kan sama da kan na'urar da take nuna zurfin ruwa da garken kifi, idan yace a saki sai a saki. Babu tsutsa babu wani abinci a ƙugiyar, wani ƙarfe ne mai ƙyalli da nauyi kusan rabin kilo da ƙugiya a gindi, zaka sake shi ya yi ƙasa mita hamsin sittin sannan ka riƙa ɗagawa kana saki kana ɗagawa kana saki, kifin sai ya ɗauka ƙaramin kifi ne. Sa'adda ya kama min ji nayi kamar ƙugiyar ta maƙale a dutse, sai kuma dutsen ya fara ja, na fi minti goma ina naɗe zare kafaɗa na zafi, da ya fito muka ɗora a sikeli kilo 14. Na ga giwan ruwa a gida da ta fi shi, amma da hannuna ban taɓa jan kifi haka ba. Nan take Baba ya nuna min a yanka shi a wuya jini ya tsiyaye kafin a jefa a akwati, yace in ba haka ba naman ba zai yi fari ba. Kakana ya faɗo min a rai sosai a wajen nan, irin nutsuwarsu ɗaya, mutumin ruwa dai mutumin ruwa ne ko a ina yake.

To ga inda raina ya ɓaci. Kwana huɗu muka biya na fita ruwa, biyu kacal muka fita. Sauran biyun iska ta taso mai ƙarfi, Baba ya duba manhajar Yr ta hasashen yanayi ya leƙa waje yace babu inda za a je, kuma ban ga laifinsa ba ko ɗaya, rai ya fi kifi, ko a ranar da muka fita ma igiyar ruwa ta sa ɗan uwana amai har ya kwanta duk da ya sha ƙwayar jiri. Laifin na ofis ne. Da muka nemi a maido mana ko rabin kuɗin ranakun nan sai suka nuna mana wani layi can ƙasan takarda da ƙananan rubutu wai idan yanayi ya hana fita ba ruwansu, alhali a waya da na tambayi matar da ta karɓi bukin ɗin ce min tayi kar na damu za a san yadda za a yi. Sannan kuɗin mai daban, kuɗin zanen gado daban, kuɗin share ɗaki daban, duk sai ranar tafiya muka ji. Ba haramun bane su caja amma a faɗa wa mutum tun farko mana, ga ƙasar da tsada, burodi da madara kaɗai sai ka riƙe baki.

Ta fannin doka kuwa sun yi ƙoƙari sun mana bayani. Kamun kifi da sanda a teku kyauta ne ga baƙo babu lasin, amma ba a yarda ka saka koma ba, ba a yarda ka sayar ba, ƙananan kifi kuma a ruwa ake mayar da su. Lokacin da muka je kilo 18 aka yarda kowa ya fita da shi daga ƙasar, shi ma sai idan a wajen kamfani mai rijista ka kama suka ba ka takarda, kwastan na dubawa kuma tara suke ci ba wasa. A tambayi adadin kafin a tafi don suna sauya shi.

Ranakun da iska ta hana mu fita muka hau mota zuwa ƙauyen Henningsvaer, kuma a hanya na ga abin da har yau yake raina. Manyan rumfunan itace jere a bakin teku an rataye kifi dubbai, babu gishiri babu hayaƙi, iska da sanyi kawai ke busar da shi wata uku. A gefe kuma ga kawuna zalla an shanya su tuli guda. Na tambayi wani ma'aikaci ina ake kai wannan, da ya ji daga inda na fito sai ya yi dariya yace ai ƙasarku ce, jikin mafi yawa Italiya yake tafiya, kawunan kuma Najeriya. Wato busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da Inyamurai ke ce ma okporoko, wanda muke gani a Sabon Gari ta Kano ana sarawa da adda, daga nan yake tasowa. Har yara 'yan makaranta na gani da wuƙa suna yanke harshen kifin suna tarawa, sana'arsu ce a lokacin nan, soya shi ake yi. Na tsaya ina ɗaukar hoto hannu na rawa don sanyi na tura wa mahaifiyata, ita ma ta sha mamaki.

Ga 'yan uwa musulmi, watan Maris ya yi daidai don dare da rana sun kusa zama ɗaya, lokutan sallah suna tafiya yadda aka saba. Idan bazara zaka je ka sani daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana bata faɗuwa sam a wajen, sai ka nemi fatawar malamai kafin ka tashi. Abinci mu muka riƙa dafawa, na je da yajina da daddawa da garin tuwo, kifin da aka kama da rana shi muke ci da dare, naman fari tas yana ɓarewa falle falle, Jamusawan nan sai da suka nemi ƙari.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar, ɗayan ofis ne ya ci musu shi. Idan Allah ya kai mu zan koma wajen Baba, amma kwana bakwai zan ɗauka don ko iska ta cinye uku a samu huɗu, kuma sai sun rubuto min maganar ranakun iska a imel kafin su ga ko sisina.