Kwana shida a Tarifa: jagorarmu ta fita kunya, kamfaninta ya cinye mana rana guda

Yau mako uku ke nan da dawowarmu, kuma da gangan na ƙi rubuta komai sai da raina ya ɗan huce. Masu tambayata ko su biya kamfanin nan da ke shirya tafiyar kallon ƙaurar tsuntsaye a Tarifa, wani gari a kudancin Sifen, ga yadda muka yi da su ni da yayana, sai ku auna da kanku.

Yaya ne ya fara ɗora mini madubin hangen nesa a ido tun ina yaro. Ya shekara da shekaru yana zancen mashigin Jibralta, inda Turai da Afirka suka kusa haɗa goshi, tsakaninsu ruwa ne na kilomita 14 kacal. Shamuwa da mikiya da gaggafa ba sa son wahalar kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi, su hau ta suna kewayawa har su yi sama, sannan su zame zuwa gaba. Teku ba ya tayar da irin wannan iska, shi ya sa duk kaka suke tararowa daga yammacin Turai zuwa wannan ƙurya ta kudancin Sifen, inda ruwan ya fi ƙunci. Gwiwoyin Yaya sun fara gajiya, na ga idan ba bana ba, ba lalle ne mu samu zuwa tare ba. Dalilin da ya sa na ƙi yin hayar mota mu yi ta lalube ke nan, na biya waɗanda suka ce sun san wurin kamar tafin hannunsu. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne.

Ƙaramin laifinsu na farko tun a waya ne. Na tambaya ko tsakiyar Satumba za mu tarar da garken farar shamuwa, aka ce mini duk watan suna nan. Sai da muka isa na ji cewa yawancinsu da shirwa tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta suke tsallakawa. Wannan na yafe, don mun ga ragowarsu suna kiwo a gonakin shinkafa na La Janda, tsohon tafkin nan da aka zuƙe ruwansa aka mai da shi gona. Masauki da mota ba ni da abin cewa a kansu.

Jagorar da aka haɗa mu da ita matashiya ce, 'yar wurin, kuma tun ranar farko na gane ta san aikinta. A bakin tekun Los Lances ta kafa mana na'urar hangen nesa mai ƙafa uku, ta rage tsayinta daidai yadda Yaya zai leƙa yana zaune. Ba wanda ya roƙe ta. Daga can muna hangen dutsen Jabal Musa a Maroko tar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Yaya ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba.

Washegari iskar gabas ta taso, wadda suke kira Lebante. Wanda bai taɓa tsayawa a cikinta ba zai ɗauka ina ƙara gishiri. Ƙofar mota sai ka riƙe ta da hannu biyu, na'urar kuwa rawa take yi a kan ƙafafunta har ba ka iya tantance komai. Kwana biyu cur tana kaɗawa. Jagorar ta kai mu Kazalla, tudun kallo da ke kusa da garin, ta ce idan iska daga gabas take, tsuntsayen yamma take tunkuɗo su, nan ne wurin tsayawa. Mun ga gaggafa masu cin maciji suna zuwa har bakin ruwa, su gwada, iska ta make su, su juyo. Wata na bi ta da ido har sau uku tana fita tana dawowa. Suna tsoro ne don idan suka kuskura, iskar za ta kwashe su zuwa buɗaɗɗen Tekun Atlantika inda babu wurin sauka. Jagorar ta ce kada mu damu, taruwa suke yi a duwatsun da ke bayanmu, duk safiyar da iskar ta kwanta za su ɓalle gaba ɗaya. Ta ce wannan ita ce ranar da mutane ke zuwa daga nesa dominta.

A daren kwana na uku iskar ta faɗi. Na farka cikin dare na ji tagar ɗakinmu ta daina ƙara, na tashi Yaya na ce, “Yaya, ka ji shiru?” Ya ce, “Na ji, ai ban yi barci ba.” Da safe duk masu kallon tsuntsu da ke masaukin sun riga mu fita, kowa na sauri.

Mu kuma takardar shirin tafiyarmu ta ce ranar ta shiga jirgin ruwa ce, kallon manyan kifaye a tsakiyar mashigin.

Nan ne abin ya tsaya mini a rai har yau. Jagorar ta kira ofishinsu a gabanmu, ta roƙa a mayar da jirgin zuwa yamma ko washegari. Mu bakwai ne a tawagar, shida muka ce tudu muke so. Wanda ya ɗauki wayar ya ce an riga an biya masu jirgi, ba a canja tsari. Na karɓi wayar da kaina. Na faɗa masa ban taso da dattijo daga nesa don kifi ba, a tallarsu tsuntsaye suka sa a gaba, jirgin ƙari ne kawai. Na ce mun yafe kuɗin jirgin, su riƙe, a dai kai mu Kazalla, tafiyar 'yan mintoci ce. Ya ce mota ɗaya ce, jagora ɗaya ce, kuma dokarsu ba ta yarda a raba tawaga ba. Na nemi tasi, ban samu wadda za ta zo kan lokaci ba. Na san jiragen nan ma ba sa fita idan Lebante ta yi ƙarfi, saboda haka su ma ranar lumana suke jira. To amma jirgi yana fita da yamma. Tsuntsun da ya kwana biyu yana jiran hanya ba zai jira mu gama yawo a ruwa ba.

A watan Satumba sai wajen ƙarfe 8 rana take fitowa a can, tsuntsaye kuma sai hantsi ya dubi ludayi suke fara tashi. Daidai lokacin muna tsaye a layi a tashar jiragen ruwa. Da muka yi nisa cikin teku na waiga, na ga sararin saman duwatsun Tarifa ya cika da ɗige-ɗige baƙaƙe, suna juyawa rukuni-rukuni. Jirgi na tangaɗi, madubi ba ya tsayawa a ido, ba ka iya cewa wannan gaggafa ce ko shamuwa. Wasu sun bi ta kanmu, ba zan ɓoye ba, har da wata ƙaramar gaggafa da ta yi ƙasa-ƙasa da ruwa tana kaɗa fiffike da kyar, baki buɗe. Yaya bai gan ta ba. Jiri ya kama shi tun da muka bar gaɓa, yana duƙe riƙe da ƙarfe, idonsa a rufe. Mun ga kifayen, wasu na ta ihun murna. Ni dai hankalina na kan Yaya da kan abin da ke wucewa a bayanmu.

Sai bayan ƙarfe 3 muka isa tudun. Masu ƙidaya na shirin Migres, wanda ke lissafin tsuntsayen mashigin nan tun 1997, suna nan zaune a kujerunsu. Wani Bature da muke masauki ɗaya da shi ya taho da fara'a zai ba mu labarin safiyar, da ya kalli fuskar Yaya sai ya yi shiru. A mota Yaya ya ce mini, “Bar shi, ƙanena, ba rabonmu ba ne.” Na san haƙuri yake ba ni. Amma ni na kawo shi, ni na zaɓi kamfanin, kuma rabon da mutum ya toshe da gangan daga ofis yana da wuyar haɗiya.

Abin da ya hana ni zubar da su gaba ɗaya shi ne kwana na biyar. A takarda, ranar ta zaga gari ce da sayayya. Jagorar ta zo tun da sassafe, ta ce iska ta juya ta koma ta yamma, Foniyante, yau gabas tsuntsaye za su karkata, mu tafi tudun kallo na Algarrobo wajen garin Aljesiras. Ko ta nemi izinin ofis ko ba ta nema ba, ban tambaye ta ba. Ta ajiye mota dab da rumfar kallon don kada Yaya ya yi tafiya mai nisa. Ba a kai yawan na jiya ba, kowa ya faɗa, amma abin da muka gani ya isa. Gaggafa masu cin maciji suna wucewa ƙasa-ƙasa, farin cikinsu da manyan kawunansu a fili, har rawayar ido kana gani. Ta ce waɗansunsu daga Italiya suke, maimakon su yanke ta tsakiyar Bahar Rum sai su fara yin arewa, su zaga ta Faransa da Sifen, duk don gudun faɗin ruwa. Baƙar shamuwa ta zo a ƙananan garke, jan baki da jan ƙafa. Ta nuna mana 'ya'yan shahon nan mai haƙa gidan rina, ta ce iyayensu sun wuce tun ƙarshen Agusta, su na bana su kaɗai suke neman hanya ba mai yi musu jagora.

Can wajen azahar ta kama hannun rigar Yaya ta ce ya leƙa na'ura maza. A cikin mikiyoyin da ke shawagi akwai ɗaya da ta fi sauran duhu. Mikiyar Ruffel ce, 'yar yankin Sahel, irin waɗanda ke biyo mikiyoyin Turai su tsallako Sifen, da kaka kuma a gan su a mashigin. Yaya ya ɗago yana share ido da bayan hannu, ya ce mata, “'Yata, Allah ya yi miki albarka.” Na fassara mata. A ranar da an ba ni takardar ra'ayi, yabo kawai zan rubuta.

Sai da muka dawo na aika wa kamfanin saƙo cikin ladabi. Ban nemi a mayar mini da ko kwabo ba. Na ce kawai su riƙa barin tsarinsu a sake, iska ta zama ita ke yanke inda za a je kowace safiya, tunda kowa a Tarifa haka yake yi, kuma su faɗa wa mutane gaskiyar wane tsuntsu ke wucewa a wane mako. Na yaba jagorar da sunanta. Bayan kwana tara amsa ta zo, layi uku. Sun ce yanayi ba a hannunsu yake ba, suna farin ciki da na ji daɗin kallon kifaye, ga kuma rangwame idan zan sake zuwa baɗi. Ko kalma ɗaya ba su ce a kan yarinyar ba. Yanayi bai yi mana laifin komai ba, ranar ta zo yadda ake so, su ne suka sa mu a jirgi.

Wanda zai biya su, ya tambaya tun kafin ya tura kuɗi ko ana iya sauya ranaku idan iska ta canja, kuma a rubuta masa amsar. Ya nemi a cire jirgin daga cikin shirin, ko a bar shi ya yanke shawara a can. Yaya ya ce idan gwiwa ta bari yana so mu koma ƙarshen Oktoba na baɗi, lokacin da mikiyoyi ke tsallakawa da yawa. Lambar jagorar na wurina, ita zan nema kai tsaye.