Power BI Report Server ko Metabase: wanne za a ɗora a sabar ɗin ofis a Katsina?

Wani ɗan'uwa daga cikinmu, mai kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin taki da hatsi a cikin birnin Katsina, ya kawo tambaya. Suna da rassa a Daura, Funtua da Malumfashi, kuma duk bayanan ciniki suna taruwa ne a SQL Server ɗin da manhajar sayarwarsu take amfani da shi, wato rumbun adana bayanai na Microsoft. Sun sayi sabar mai ƙwayar furosesa 8 da RAM gigabait 16. Maigida yana son ganin cinikin jiya da abin da ya rage a sito tun kafin ya iso ofis, amma ya ce bayanan kamfaninsa ba za su kwana a injin wani a ƙasar waje ba. Mutum kamar 25 ne za su riƙa duba rahoto. Tambayarsa ita ce: cikin manhajojin nan biyu masu fitar da rahoto daga bayanan kamfani, Power BI Report Server zai ɗora, ko Metabase?

Malam, kafin ka sauke ko ɗaya daga cikinsu, ka buɗe SQL Server ɗin naku ka rubuta SELECT @@VERSION ka ga abin da zai fito. Rabin amsar tana cikin layin nan. Yawancin manhajojin sayarwa da ake kawo mana da Express suke zuwa, wato na kyauta. Express na 2022 da waɗanda suka gabace shi ba ya barin rumbu ɗaya ya wuce gigabait 10, kuma ba shi da SQL Server Agent, wato sashen da ke gudanar da ayyuka a kan lokacin da aka tsara. Shi kuwa Power BI Report Server, wanda Microsoft ta fitar a 2017, da Agent ɗin nan yake tsara sabunta bayanai da aika rahoto a kan lokaci, sannan rumbunsa na ciki sai a kan Standard ko Enterprise. Ka ga in Express gare ku, maganar lasisi ta taso ke nan, kuma da dala ake lissafinta. Lasisin SQL Server na ƙwaya bibbiyu ake sayarwa, mafi ƙaranci ƙwaya huɗu. Shekara da shekaru hanyar samun Report Server ita ce Enterprise haɗe da Software Assurance (yarjejeniyar sabunta lasisi ta Microsoft), ko kuma Power BI Premium. Daga SQL Server 2025 Microsoft ta daina fitar da sabon SSRS, wato tsohuwar manhajar rahoto ta SQL Server, ta mai da Power BI Report Server shi ne magajinsa, don haka ka sa dilanka ya rubuto maka farashi a kan sigar da za ku saya ɗin, ba a kan tsohon lissafi ba. Ban da wannan, duk wanda zai wallafa rahoton Power BI a sabar ɗin yana bukatar lasisin Pro. Masu kallo kawai ba sa bukata.

Akwai tarko biyu a nan. Sigar gwaji kwana 180 take yi ta tsaya, kuma ranar da za ta tsaya ba ta duban ko ƙarshen wata ne. Sigar Developer kyauta ce, komai yana aiki a cikinta, amma sharaɗinta ya hana gudanar da ainihin aikin kamfani da ita.

Metabase ba shi da wannan dogon zancen. Sigarsa ta buɗaɗɗiyar manhaja kyauta ce, ko mutum 25 ko 250. Inda ake biya shi ne wasu abubuwan tsaro, za mu zo kansu.

Wajen ɗorawa, na Microsoft ya fi sauƙin farawa ga wanda hannunsa ya saba da Windows. Fayil ɗaya ne, PowerBIReportServer.exe, 'yan mintoci ya gama. Ainihin aikin yana cikin Report Server Configuration Manager: ka zaɓi asusun da sabis ɗin zai gudana da shi, ka buɗe adireshin /ReportServer a ƙofa ta 80, ka ƙirƙiri rumbu, inda zai samar da ReportServer da ReportServerTempDB, sannan ka buɗe /Reports, wanda shi ne shafin da ma'aikata za su riƙa shiga. Kada ka tashi daga kujerar sai ka shiga sashen Encryption Keys ka fitar da makullin a fayil mai ƙarshen .snk, ka sa masa kalmar sirri, ka ajiye shi a wani wuri da ba cikin sabar ɗin ba. Duk kalmomin sirrin da rahotanni ke shiga rumbu da su, da wannan makullin aka kulle su. In faifai ya mutu ka dawo da rumbun ba tare da shi ba, rahotannin za su dawo, amma kowace mahaɗar bayanai sai ka sake cika ta da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Wani abin da ke kayar da mutane tun makon farko shi ne Power BI Desktop iri biyu ne. Akwai na gama-gari mai sabuntawa duk wata, akwai wanda aka keɓe don Report Server, mai fitowa sau uku a shekara: Janairu, Mayu da Satumba. Akanta ya zauna ya ƙawata rahoto da na gama-garin, a zo ɗorawa sabar ya ƙi karɓa saboda sigar ta girme shi. Ka cire na gama-garin daga kwamfutocin masu haɗa rahoto, hankalinka ya kwanta.

Amma babban ciwon kan yana wajen shiga. Report Server da asusun Windows yake gane mutum. In kamfanin yana da Active Directory, wato domen da ke riƙe asusun duk ma'aikata a wuri ɗaya, kowa zai buɗe shafin ya tarar an san shi, ba sai ya rubuta komai ba. In kuwa kwamfutocin kowace tana zaman kanta, kamar yadda yawancin ofisoshinmu suke, sai ka buɗe wa mutum 25 asusu a kan sabar ɗin, ko ka kafa domen tukuna, wanda shi kansa aiki ne na daban. Ko da domen ɗin ma, idan Report Server yana inji ɗaya, SQL Server yana wani, sai ka ga rahoto yana buɗewa lafiya a kan sabar, amma daga teburin manaja ya ce an ƙi NT AUTHORITY\ANONYMOUS LOGON. Dalili: shaidar manaja ta iso injin farko, shi kuma ba shi da izinin miƙa ta ga na biyu. Gyaran asali shi ne saita Kerberos, tsarin tantance shaida na Windows, wato rajistar sunan sabis (SPN), ba da izinin wakilci a Active Directory, da ƙara RSWindowsNegotiate a cikin rsreportserver.config. Ga kamfani mai girman naku, gajeriyar hanya ta fi: ka adana asusun karatu guda ɗaya a cikin mahaɗar bayanan, duk rahoto ya bi ta kansa.

Metabase kuma da Java yake gudana, sababbin sigoginsa Java 21 suke nema, kuma yana saurare a ƙofa ta 3000. In Windows Server ne a kan injin, ka yanka masa Ubuntu 24.04 a cikin Hyper-V, mai ba ka damar gudanar da wata kwamfuta a cikin sabar, ƙwaya 2 da RAM gigabait 4 sun isa farawa, ka ɗora Docker, mai gudanar da manhaja a cikin akwatinta na daban, ka jawo metabase/metabase. Ka rubuta lambar siga takamaimai; kada ka bar shi a latest, don kada wata rana ka sake kunna shi ya haye sabuwar siga ba da saninka ba.

A nan ne za mu daɗe kaɗan, domin nan ne ake kuka. Metabase yana tashi cikin minti biyar, ya nuna maka shafi mai kyau, ka ɗauka an gama. Alhali duk tambayoyin da aka adana, da allunan rahoto, da sunayen ma'aikata, yana zuba su ne a wani ƙaramin rumbu mai suna H2, fayil guda. Su kansu masu manhajar sun ce kada a yi aikin gaske da shi. Ɗauki wata ranar Afrilu da azahar: wuta ta ɗauke, batirin inbata ya riga ya gaji da zafi, sabar ya mutu yana tsakiyar rubutu. Aka tayar da janareta, Metabase ya ƙi tashi, fayil ɗin ya lalace, aikin wata huɗu ya bi ruwa. Ko kuma a cikin Docker, ba a ware wa fayil ɗin wuri a waje ba, wani ya goge akwatin don ya sabunta, ya goge har da kayan ciki. Maganin tun ranar farko ne: ka ɗora PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai ta kyauta, ka buɗe rumbu mai suna metabase, ka cika MB_DB_TYPE, MB_DB_HOST, MB_DB_PORT da lamba 5432, MB_DB_DBNAME, MB_DB_USER da MB_DB_PASS. Ka ƙara MB_ENCRYPTION_SECRET_KEY, wanda shi ne takwaran fayil ɗin .snk na can, ka adana shi yadda ka adana wancan. Wanda ya riga ya fara da H2, akwai umarnin load-from-h2 da ke kwashe komai zuwa PostgreSQL; a yi shi da sigar da ake kai, kada a haɗa ƙaura da sabuntawa a zama ɗaya.

Haɗa shi da SQL Server ɗinku yana da nasa 'yan ƙayoyin. A Express, TCP/IP a kashe yake zuwa, sai ka kunna a SQL Server Configuration Manager. SQLEXPRESS kan sauya lambar ƙofa, ka kafe shi a 1433 ka buɗe ta a katangar tsaron Windows. Ka kunna shiga irin ta SQL tare da ta Windows, ka buɗe asusu mai db_datareader kaɗai, wato izinin karatu kawai. In ya yi ƙorafin takardar shaida, trustServerCertificate=true a ƙarin zaɓuɓɓukan haɗi yana warware shi a cikin gida. Sai agogo: Docker a UTC, wato agogon GMT, yake tashi, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Ka sa Africa/Lagos a JAVA_TIMEZONE da kuma saitin rahoto, in ba haka ba lodin motar da aka yi ƙarfe 12:30 na dare zai iya faɗawa lissafin jiya, akanta da mai sito su wuni suna musu a kan buhu 300 da ba su ɓata ba.

Akwai bambanci ɗaya da ya shafi masu karɓar kuɗi kai tsaye. Power BI yana iya kwaso bayanai ya matse su a cikin rahoton, ya sabunta da asuba, duk wunin ba ya taɓa rumbun ciniki. Kuɗinsa RAM ne, kuma gigabait 16 da SQL Server ke rabawa da shi ba su da yawa. Ka ƙayyade wa SQL Server iyakarsa, in ba haka ba zai lashe duka. Metabase kuwa duk wanda ya buɗe allo, tambaya ce ta tafi rumbu a lokacin. Lokacin rububin taki, farkon damina, manaja ya nemi cinikin shekara uku, tambayar ta riƙe teburin bayanan ciniki a rumbun, yaron da ke kanta a Funtua ya ga rasit ya ƙi fita. Don haka kada ka nuna wa Metabase rumbun da ake ciniki a kansa. Ka tsara a riƙa dawo da kwafin daren jiya cikin wani rumbu daban, ya karanta daga can. Maigida dai cinikin jiya ya ce yana so.

Ta fuskar irin rahoton, in aikinku ya ƙunshi takardun da ake bugawa, bayanin asusun kowane dila, shafi 40 masu kai da lamba, irin wanda masu binciken kuɗi ke nema, to Report Server ba shi da abokin gasa a nan. Rahotannin .rdl da ake haɗawa a Report Builder don wannan aka yi su. Metabase gwanin allo ne da tambayar gaggawa. Yana fitar da Excel da CSV, yana aika allo ta imel kowace safiya in ka saita masa SMTP, wato sabar aika imel, kuma manajan da bai san SQL ba zai iya tace bayanai da kansa. Amma ba injin buga takarda ba ne.

Sai maganar kowa ya ga nasa. Report Server yana iya sa manajan Daura ya buɗe rahoto ɗaya da na Malumfashi, kowanne ya ga layukan reshensa kaɗai. A Metabase wannan yana sigar kuɗi. A ta kyauta dabara ake yi: ka yi wa kowane reshe nasa tagar bayanai (view) a SQL Server da nasa asusu, ka haɗa kowanne daban, ka raba ma'aikata rukuni-rukuni. Ga rassa uku abu ne mai yiwuwa. In sun kai goma sha biyar ya zama wahala. In kuma akwai sunaye da lambobin wayar manoma a rumbun, ka tuna dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku, kada a bar wa kowa komai a buɗe.

Wani zai ce ina Apache Superset, wata manhajar rahoton ta kyauta? Yana da ƙarfi, amma Redis da Celery da sauran manhajojin da ake ɗorawa tare da shi sun fi ƙarfin mutum ɗaya da ke kuma gyaran firinta.

Rassa da wayar maigida, duka biyun hanya ɗaya ce: kada ka buɗe 80 ko 3000 ga intanet. Ka kafa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga daga nesa: WireGuard, ko Tailscale in layinku ba shi da adireshin waje na kansa, kamar yadda layukan waya suka saba.

A yanayin da ka bayyana, in @@VERSION ya nuna Express kuma ba ku da domen, Metabase a kan PostgreSQL za ka ɗora, kuɗin lasisin a sa su a faifan SSD biyu masu kwafin juna da UPS mai wayar USB da zai kashe sabar cikin tsari kafin batir ya ƙare. In kuwa ya nuna Standard ko Enterprise, akwai Active Directory, kuma ana buga bayanin asusun diloli duk wata, ka nemi farashin Report Server. Ko wanne ka ɗauka, kafin ka ba maigida adireshin, ka ɗauki kwafin rumbun ciki na manhajar, pg_dump na PostgreSQL ko bakof ɗin ReportServer, tare da makullinsa, ka dawo da su a kan wata kwamfuta daban, ka buɗe rahoto ɗaya ka ga lambobin Daura sun fito.