Shagon sikanin littattafai a Kabuga: aiki tsaf, amma ba ruwansu da haƙƙin marubuci

Makarantu da ƙananan ɗakunan karatu a Kano sun fara kwasar littattafansu zuwa shagunan kwamfuta domin a mayar musu da su PDF. Akwai wani shago a wajen Kabuga da ya fi maƙwabtansa kayan aiki. Na'urarsa daga sama take ɗaukar shafi, ba a danne littafi a kan gilashi, don haka ɗinkin tsohon littafi ba ya ɓallewa. A dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto) suke ɗauka, kuma ya wadatar ga boko. Ajami mai jan wasali kuwa sai ka ce a kai 600, da launi, in ba haka ba wasalin ya dusashe ya saje da takarda. Manhajarsu ta karanta rubutu ba ta gane ƙ, ɗ da ɓ, shi ya sa neman kalma a fayil ɗin Hausa yakan ci tura.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba sa tambayar littafin waye. Ko bugun bara ka kawo, shafuka kawai za a ƙirga a faɗa maka kuɗi. Kuma kwafi yana zama a kwamfutarsu bayan ka karɓi naka. Daga nan zuwa guruf ɗin WhatsApp ba nisa, marubuciyar da ta ci bashi ta buga littafinta ta rasa mai saye a Sabon Gari.

Sayen littafi bai ba ka ikon yaɗa shi ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, a hannun magada. Ɗakin karatu na da rangwamen yin kwafi don adana abin da ya mallaka, rabawa duniya kuwa wata magana ce daban. Masu kafa hujja da sikanin littattafai da Google ya yi su tuna kotun Amurka ta wanke shi a 2015 ne saboda ɗan tsakure yake nunawa. Internet Archive, wani ɗakin karatu na intanet da ke ba da aron cikakken littafi, ya sha kaye a kotu a 2023.

Ga tsofaffin rubuce-rubucen da haƙƙinsu ya ƙare, shagon ya cancanta. Ga sabbi, a fara samo izinin marubuci ko maɗaba'a a rubuce, a je da filashi, a kuma tsaya har a goge fayil ɗin a gabanka, har da kwandon shara na kwamfutar.